Shekarar da Muka Auna Rijiyoyi

Ni ƴar cikin Filinge ce, a bayan kasuwa aka haife ni, mahaifina tela ne. Da na gama makarantar horon malamai sai aka tura ni wani ƙauye na ƙasar Kurfai, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, sauran kwanaki kuwa amalanken jaki ne ko ƙafa. Mu uku ne malaman lakkol ɗin, wato makarantar: direkta, da wani mushe, malami namiji mai koyar da manyan yara, da ni. Ajina na zana ne da karan hatsi, yara sun kusa hamsin, kowa zaune a yashi da ɗan allonsa a cinya.

Shekarata ta farko, in faɗi gaskiya, maimaici kawai na koyar. In tsaya gaban tabulo, babban allon aji, in faɗa da Faransanci, su amsa da ƙarfi har matan da ke daka a bayan danga su ji. Ni kuwa ina jin daɗi, a zatona koyarwa ke nan, domin ni ma haka aka yi mini. Sai wata rana, bayan mun yi mako biyu muna rera mitir da santimitir da kilomitir, na tsaya na ce, “To, ni Madam, tsayina nawa ne?”

Wani yaro ya ɗaga hannu da ƙarfin hali. “Kilomitir biyu, Madam.”

Na jira a yi dariya. Babu wanda ya yi. Wasu ma har sun fara rubutawa a allo. Rashin dariyar nan ya fi amsar yi mini ciwo.

Da aka tashi na je na sami direkta a gindin bishiyar dogon yaro yana haɗa shayi. Dattijo ne daga wajen Imanan, ya kusa ajiye aiki, ba ya gaggawar magana. Na zayyana masa, har da cewa yaran ƙauyen nan kansu ba ya ɗauka. Ya miƙo mini kofi ya ce, “Madam, gobe ki tambayi mai kilomitir biyun nan dami nawa rumbun babansa ke ci, ki ji.” Washegari na tambaya. Yaron ya faɗa mini na babban rumbu da na ƙarami, da wanda aka ci daga kaka zuwa ranar, da wanda ya rage, da ka kawai, bai ko ƙirga yatsu ba. 

A babban hutu aka tara mu a Filinge don ƙarin horo. Wata tsohuwar malama ta yi mana bayanin hanyar da suke ce wa furoje: a ɗauki tambaya ɗaya ta gaske daga rayuwar yara, a bi ta makonni, lissafi da karatu da rubutu duk su shigo ta cikinta, a ƙarshe yara su fito da wani abu da suka yi da hannunsu su nuna wa mutane. Na rubuta a kaye, littafin rubutuna, na rufe. A raina na ce wannan sai makarantun Yamai masu littattafai da lantarki.

Da aka koma, na bi yarana zuwa aji na gaba. Muna da randa a kusurwar aji, kullum yara biyu ke cika ta da safe. Wata rana da zafi ya fara shigowa, aka dawo daga hutun ƙarfe goma, wata yarinya ta kurɓi ruwan ta tofar.

“Wa ya ɗebo ruwan ga? Na rijiyar gangare ne!”

Nan take aji ya kaure. Ƴan unguwar gangare suka ce ruwansu lafiya lau, ƴan tudu suka ce zartsi ne, ko jaki sai ya yi tunani kafin ya sha. Na ɗauki sanda zan buga tabulo, sai na tsaya. Tun da na zo ƙauyen ban taɓa ganin dukansu suna magana kan abu ɗaya ba. Na ajiye sandar na ce da Hausa, “Ku dakata. Me ya sa ruwan gangare ke da zartsi, na tudu ba shi da shi?”

Kowa da amsarsa. Wani ya ce an taɓa jefa buhun kanwa a ciki. Wata ta ce awaki ne. Wani ya ce kakansa ya ce haka Allah ya yi ta. Sai suka juyo gare ni: “Madam, ke mi kika ce?”

Ban sani ba. Na nemi hanyar zamewa ban samu ba, sannan na ce, “Wallahi ban sani ba. Amma za mu bincika.” Suka dubi juna. Ina jin ba su taɓa jin malami ya faɗi haka ba.

Ranar muka cika tabulo da tambayoyi. Rijiya nawa ce a garin? Wacce ta fi zurfi? Wa ya gina su? Me ke kawo zartsi? Da yamma na nemo kayen nan na horo na kai wa direkta. Ya karanta a hankali ya ce in gwada, amma kada a taɓa sa’ar dikte, wato shifta, da ta karatu da safe, kuma in fara zuwa wurin mai gari.

Na je na gaida mai gari na ce muna son yin furoje kan rijiyoyi. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa Madam ta samo furoje, za a kawo famfo. Washegari mata biyu suka tare ni a hanya suna tambayar wace unguwa za a fara. Sai da na koma na yi bayani cewa babu farar motar masu tallafi, babu famfo, yara ne kawai da igiya. Mai gari ya yi dariya har da riƙe ciki. “To ki ce aikin lakkol, ɗiyata. In kin ce furoje, mu wani abu muke ji.”

Fitarmu ta farko ba ta yi kyau ba, kuma laifina ne. Na kwashi yara duka zuwa rijiyar tsakar gari da hantsi, lokacin da mata suka fi cika wurin. Ban ba kowa aiki ba. Goma suna jan igiya ɗaya, sauran suna tsere, allon wani ya faɗa cikin rijiya, wata tsohuwa ta ce in lakkol ta gaji da su a maido mata nata ya tafi kiwo. Na dawo da su aji.

Na zauna da kayena na sake tsari. Na raba su rukuni bakwai, don mun ƙirga rijiya bakwai, kowane rukuni da rijiyar unguwarsu. A cikin rukuni akwai mai sakin igiya, mai ƙirga, mai rubutu, mai zane, mai ɗebo ruwan gwaji, mai yi wa manya tambaya. Ba mai tsayawa a bakin rijiya sai da babba a wurin. Kuma rukuni ɗaya ke fita a rana, bayan azahar, sauran suna aji da aikin da na bar musu, direkta yana leƙa su. Tun daga ranar ban sake fita da yara ba tare da kowa ya san abin da hannunsa zai yi ba.

Yaran ne suka ce in ana zancen rijiya sai a je wurin wani tsoho a ƙarshen gari, wanda da shi aka gina yawancinsu. Mutum ne dogo, ya rankwafa, idonsa ɗaya ya yi fari. Yana kan addinin kakanni, kuma ana ce mini in an yi wasan bori gefensa masu goge ke zama. Ni ƴar birni ban san yadda zan fara ba. Na durƙusa na ce, “Baba, mun zo neman sani.”

“Wurina?” Ya dubi yaran. “Ɗiyan lakkol sunka zo neman sani wurina? To ku zamna.”

Ya ce rijiyar tudu gaba goma sha biyu ce, shi ya sauka cikinta da igiya a ƙugu. Rukunin tudu suka je suka saki igiya da dutse har ya taɓa ƙasa, suka jawo, wani yaro ya buɗe hannuwa ya yi ta aunawa. Goma sha bakwai. Suka sake. Wata ta gwada ta sami goma sha takwas. Suka dawo aji da gudu suna cewa tsoho ya manta.

Na ce mu koma mu faɗa masa, amma da ladabi. Ya saurara, ya miƙe, ya karɓi igiyar, ya buɗe dogayen hannuwansa yana ƙirgawa. Goma sha biyu cif.  Sai wata yarinya da ke baya ta ce a hankali, “Hannun Baba ya fi namu tsawo.”

Wannan yarinyar shekara ɗaya da rabi tana ajina ban taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Kullum a makare take zuwa, hannunta duk ya yi kanta, kuma na riga na sa ta cikin waɗanda na fid da rai da su. Na ce ta maimaita da ƙarfi. Ta maimaita. Tsohon ya tafa hannu yana dariya. “Wagga ɗiya ta gane! Ko mu da munka gina, gabata daban, ta abokina daban. Kullum sai mun yi gardama.”

Da muka koma aji na ɗauko doguwar regil ta katako da ke rataye a tabulo, wadda suka saba gani ina nuna rubutu da ita. Na ce, “To in gabar kowa daban, da me za mu auna kowa ya yarda?” Kusan hannu ashirin ya nuna regil ɗin. Ranar kowa ya auna gabarsa da mitir, da tsayinsa, da takinsa. Suka tsayar da ni jikin ginshiƙi suka auna ni ma. Sa’ar tashi ta yi, ba wanda ya tashi.

Yarinyar nan ce ta kawo dabarar ƙulli. Ashe ita ke ɗebo wa gidansu ruwa kowace safiya kafin ta zo, shi ya sa take makara, kuma ba wanda ya kai ta sanin igiya. Ta ce a yi ƙulli a kan kowane mitir, na biyar-biyar a sa masa jan tsumma, in an jawo sai a ƙirga kawai. Ta kuma ce a auna sau biyu, zuwa saman ruwa da zuwa ƙasa, a ga inda igiya ta jiƙe. Daga nan ragi ya shigo da kansa: zurfin rijiya, a cire busasshiyar igiya, abin da ya rage shi ne ruwa. Na sa ta zagaya rukunoni tana koya musu ƙullin. Na kuma je na sami mahaifiyarta muka daidaita, ranakun lakkol ta riƙa ɗebo rabi da safe, rabi da yamma.

Da aka zo kan tsohuwar rijiya ta bakin fadama, tsohon ya ce sai da shi za a je. Yara sun ɗaura wani guntun ƙarfen amalanke a bakin igiya don nauyi. Ya ɗaga hannu. “A’a. Wagga rijiya da mai ita. Ba a sa mata ƙarhe.” Suka kwance suka ɗaura dutse. Ya tsuguna ya zuba ɗan farau-farau, ruwan gero, a gefen bakin rijiyar, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ce su saki. Wasu yaran iyayensu masallata ne, wasu na gidajen gargajiya ne, duk suka tsaya shiru har ya gama. Mai rubutun rukunin ya tambaye ni ko ya rubuta wannan. Na ce ya rubuta yadda Baba ya faɗa, ya sa cewa Baba ne ya faɗa.

Saura zancen zartsi. Na ce kowane rukuni ya kawo kofin shayi ɗaya na ruwan rijiyarsu, muka aro baƙaƙen murafan tukunya bakwai, muka zuba muka jera a rana bayan aji, da masu gadi saboda awaki. Kafin la’asar ruwa ya ƙafe. Murafan tudu kusan ba komai a kai. Na gangare da na fadama sun yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Aka yi ta dangwala ana lasa ana yamutsa fuska. Amma daga ina farin abin ya fito? A nan ma ba ni na kawo amsa ba. Wata ta ce a ɗebo ƙasar bakin kowace rijiya a tace ta da ruwan daɗi, yadda innarta ke tace toka don miya. Muka huda gwangwanaye muka sa tsumma. Ruwan da ya bi ta ƙasar gangare ya ɗigo da zartsi. Ihun da suka yi ya sa mushen manya ya leƙo ta saman zana ya ga ko maciji ne.

Ana cikin wannan mako ansifekta, mai duba makarantu, ya iso a kan babur ba zato. Ya tarar da ni a bayan aji cikin gwangwanaye, zanena duk laka. Ya zagaya ya duba gwangwanayen. Ya ɗauki igiya mai ƙulli ya tambayi wani yaro da Faransanci menene wannan, yaron ya yi ta haɗa kalmomi har ya fitar da bayani. Ya rubuta lissafi a tabulo: rijiya mai mitir kaza, ruwa ya kai mitir kaza da santimitir kaza, igiya nawa ake bukata. Alluna suka tashi sama, mafi yawa daidai.

Sannan ya buɗe kayen yara, fuskarsa ta sauya. A ofishin direkta ya ce mini, “Madam, lissafi ya zauna, ban yi zato ba. Amma dubi rubutun nan. Kalma ɗaya, rubutu iri biyar. Kuma takardun shirin darasinki na mako biyu babu komai a ciki.” Gaskiya ya faɗa. Daɗin aikin ya ɗauke ni na saki wani gefe. Ya ce kada in daina, amma kowace fita in rubuta abin da nake son su koya daga cikin tsarin karatun shekara, in kuma duba ko sun koya.

Daga nan dikte ya koma kan kalmomin rijiya: igiya, guga, zurfi, yashi, ruwa. Kowane rukuni ya rubuta shafi biyu kan rijiyarsu, ɗaya da Hausa ɗaya da Faransanci, su ba wani rukuni ya duba, sannan ni. Wasu sai da suka sake sau huɗu. Ba su yi ƙorafi sosai ba, don na ce musu a gaban iyayensu za a karanta. Na ɗinke shafukan da zare da allura yadda na ga mahaifina na yi, ya zama ɗan littafi. Muka kuma samo takardun buhun siminti muka manna da ƙaro, suka zana taswirar gari da gawayi da jar ƙasa da shuni, bayan sun bi lungu-lungu suna ƙirga taki.

Wata Alhamis bayan la’asar muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar mai gari. Na zaci mutum ashirin za su zo. Garin ya fito, har da makiyaya da suka zo shayar da dabbobi. Aka rataye taswira jikin danga. Yara suka nuna igiya, suka nuna murafai, suka tace ƙasa a gaban kowa aka ba mai gari ya ɗanɗana, ya tofar, aka kwashe da dariya. Yarinyar ƙulli ce ta karanta tarihin rijiyar tudu.  Da ta kai inda aka ce mutum huɗu suka gina ta, tsohon ya buga sandarsa a ƙasa.

“Mu biyar ne. Kun bar ƙanena, shi ka jan ƙasa daga sama.”

Ta ciro bik ɗinta na rubutu daga ɗankwalinta ta gyara nan take, ta sake karanta layin. Ya gyaɗa kai. Da ta juya zuwa Faransanci ya karkata kunne har ƙarshe, sannan ya tambaye ni, “Ɗiyata, wanga duka zancena ne?” Na ce nasa ne. Ya ce to a sake masa daga farko.

Bayan an gama mata suka yi dafifi a gaban taswira kowa na neman gidanta. Wata ta kama ɗanta da faɗa don ya zana gidan maƙwabciya ya fi nasu girma. Tsohuwar nan da ta ce a maido mata jikanta ya tafi kiwo ta ja shi ta ce ya nuna mata inda rumbunta yake. Direkta yana gefe da hannu a baya. Da muka kama hanyar lakkol ya ce, “Madam, badi me za ku auna?” Abin da ya ce ke nan, kuma ya ishe ni.

Ba duk abin da na gwada daga baya ya yi ba. Mun yi kiwon kaji a lakkol, ciwo ya share su cikin mako guda, na yi kwana biyu ina lallashin yara. Amma na riga na koyi sauraron gardamarsu, don a can tambayoyin suke. Yarinyar nan ta gama firamare ta ci jarrabawa, ta zo kwaleji a Filinge, ta zauna gidan mahaifina shekarar farko.

Taswirar kuwa gara ce ta cinye ta da damina, a cikin akwatin direkta. Da aka koma lakkol na faɗa wa yaran ina jin nauyi, sai na ga ba ta dame su ba, hankalinsu ya riga ya koma kan babban gawon da ke bakin gonar mai gari. Suna son sanin tsayinsa. Yara uku suka ce za su hau da igiya, na ce ko kusa. Na tuna an taɓa koya mana auna abu ta inuwarsa, amma hanyar ta ɓace mini. Ranar Asabar na je na sami direkta, ya ce shi ma sai ya tuno. Muka fita filin lakkol da sanda mai mitir ɗaya da igiyar ƙulli, mu biyu cikin rana, shi yana riƙe da sanda ni ina jan igiya, muna gwadawa a kan bishiyar dogon yaron da yake shan shayi a gindinta. Sau biyu lissafin ya ba mu abin da ba zai yiwu ba, muka yi ta dariya. A na uku ya fito daidai, muka koma inuwa ya ɗora shayi.